Jan Man da Na Zuƙe daga Motar Baba Tanko

Kun sha jin ana cewa faɗa na yi da Baffa Sale na bar garejinsa, har wasu a dangi suna ƙarawa da cewa na ɗaga masa hannu. Ƙarya ne. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, balle hannu. Ƙanin ubana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar kakanku, shi ya sa mini sifana a hannu, kuma duk abin da na sani game da inji a wurinsa na samo. Abin da ya raba mu man giyar mota ne wanda bai fi cikin kwalbar ruwa ɗaya ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, don na gaji da jin labarin a bakin waɗanda ba sa wurin. Amma ku sani tun yanzu, labarin ba nawa ba ne sosai. Na Baba Tanko ne, tsohon nan mai sanda da ku manyan kuka sani yana zuwa gidanmu na Gassi ranar Juma'a. Ku ƙanana kuwa sai dai sunansa.

Baba Tanko ɗan unguwarmu ne na asali, sa'an Baffa. Kakansa da kakan ubana tare suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan bakin kogin Shari, suka ce bari su huta damina ɗaya. Ga mu har yau muna hutawa. Shi direban babbar mota ne, ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Abeshe da ta arewa, lokacin da babu kwalta, babu alama, sai rairayi da sawun wanda ya riga ka. Direbobi suna cewa yana jin ciwon mota kafin motar ta ji. A hanyar arewa motarsa ta taka nakiyar da aka binne tun zamanin yaƙi, ya rasa ƙafar hagu daga gwiwa. Wanda bai san mota ba zai ce ai da sauran ɗaya. Ƙafar hagu ita ce ta taka kuloci, kuma motocin Njamena na lokacin sai an taka shi suke shiga giya. Direba babu ƙafar hagu, an gama da shi. Ya bar cikin gari ya koma Waliya, ƙetaren kogi, wurin ƴarsa da mijinta, yana ɗinke wa masunta taru a gindin darbejiya. Ya yi shekara shida ko bakwai a wannan zaman. In na je gaishe shi ba ya kukan komai. Sai dai in babbar mota ta wuce kan titi ya dakata da allura har ƙararta ta ɓace, sannan ya ce wannan direban yana wahalar da giya ta uku, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Shekarar da mahaifiyarku take da cikin Maryama, tun wayar salula ba ta shigo gari ba, surukinsa ya dawo daga Kwatano da wata doguwar mota mai ƙofa a baya, tsohuwa, ruwan toka. Atomatik ce. Abin takawa biyu kawai gare ta, totur da birki, giya kuwa ita ke sa wa kanta. Yanzu irinta sun cika gari, amma a lokacin da yatsa ake nuna su, kuma mu masu gareji ba ma ƙaunarsu. Babban laifinta a wurinmu ba a tura ta ta tashi. A garin da rabin motoci da turi suke tashi da safe, wa zai yarda da motar da in batirinta ya mutu sai dai ka zauna kana kallonta? Baffa yana kiranta motar ragwaye. Shi kuwa Baba Tanko, ranar da ya zauna a kujerarta ya ja ta daga Waliya ya haye gada ya shigo gari da ƙafarsa ɗaya, waɗanda suka gan shi sun ce sai ka rantse ango ne.

Bai tsaya murna ba, aiki ya nema. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa kwano da leda, ya tafi Farsha wurin Alhaji Abakar, wani babban mahauci, ya roƙe shi ya ba shi dakon nama daga mayanka zuwa rumfunansa na kasuwa. Alhaji bai so ba. Nama ba buhun gero ba ne da zai jira ka. In bai iso kan tebur kafin matan gari su shigo kasuwa ba, sun tafi wurin wani, rana kuma ta hau kansa. Alhaji ya kalli sandar, ya kalli motar, ya ce zai gwada shi, amma ranar da nama ya makara ita ce ta ƙarshe. Baba Tanko ya ce ya ji. Wata uku a Farsha yake sallar asuba, ko sau ɗaya bai makara ba. Ya yi ƙiba. Ya koma ɗaura rawani. Ƴarsa ta gaya wa mahaifiyarku cewa ta manta babanta yana waƙa sai a watannin nan.

Ni a lokacin ni ne hannun daman Baffa. Shekarata talatin da ɗoriya, ana kirana Usta Haruna. Usta da Larabcin nan gwanin sana'a ke nan, kuma sunan ya shiga kaina. Ina kwance bwat, wato akwatin giya, in baje ta kan buhu in mayar ba tare da ƙusa ɗaya ta rage ba, kuma ina son a tsaya a kalla. Muna da ƙa'ida a garejin wadda Baffa ya gada daga nasa ubangidan: mai da sanyi ake duba shi. Mota ta huce, inji a kashe, ka zaro joj, wannan siririn ƙarfen awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka karanta. Wanda Baffa ya kama yana duba mai inji na aiki, sai ya fizge tsumman daga hannunsa a gaban kowa. Ƙa'idar gaskiya ce, ga baƙin man inji. Ba mu san akwai inda ta tsaya ba.

Wata rana Baba Tanko ya kawo motar da hantsi bayan ya sauke nama, a sauya mata baƙin mai. Ya zauna kan benci yana shan shayi da masu jira, ni kuma ina fama da wata motar shanu, ban waiwayi tasa ba sai gab da la'asar. Ta huce sarai. Na sauya man. Zan rufe bonet sai na hango joj na biyu can baya, mai jan kai. Na zaro. Man ja ne wur kamar karkanji, zoɓon nan namu, kuma ya haura alamar sama da kusan yatsa biyu. Na ɗaga murya don masu benci su ji, na ce mutanen Kwatano sun cika wa motar nan mai fiye da kima, in aka bar shi haka zai fasa roba ya tsiyaye. Baba Tanko ya ajiye kofinsa.

"Haruna, ita wannan ba haka ake duba ta ba. Wanda ya sayar da ita inji na aiki ya duba, bayan ta yi zafi. Surukina ya nuna mini. Duk Juma'a haka nake yi, kuma daidai nake samunsa."

"Baba, kai direba ne, ni bakanike. Ranar da ake maganar hanya zan yi shiru."

Haka na ce masa, ina dariya, masu benci suna taya ni. Mutumin da ya girmi ubana a sanin mota. Bai yi fushi ba. Ya ce to, Usta, amma dai in bar shi yadda yake. Aka kira la'asar, ya ɗauki sanda da buta ya nufi bayan gareji. Alwala tana ɗaukarsa lokaci, don sai ya zauna ya jingina sandar ya gyara zama. A wannan lokacin na zura tiyo ta bakin joj, na zuƙa da bakina, na cika babbar kwalbar ruwa har man ya sauko daidai alama. Na toshe kwalbar na tura ƙarƙashin benci. A raina alheri na yi wa tsoho mai taurin kai. Ban faɗa masa ba.

Washegari, da naman shanu uku a baya, motar ta tsaya a hanyar Farsha, nesa da mayanka, nesa da kasuwa. Inji yana gurnani, taya ba ta juyawa. Da wani direban ne, da ya ci gaba da danna totur har ya ƙone bwat ɗin ƙurmus, don hankalinsa yana kan nama. Shi daga gurnani na biyu ya kashe. Ya fito da sandarsa ya tsaya tsakiyar titi yana tare motoci, babu mai wurin naman shanu uku. Daga ƙarshe amalanken doki biyu ya samu, shi da masu dokin suka kwashe naman, yana dogara sanda da hannu ɗaya yana jan cinya da ɗayan. Naman ya isa kasuwa rana ta take, masu saye sun watse. Alhaji Abakar ya wanke shi tas a gaban yaransa. Ya ce laifinsa ne da ya ba da amanar nama ga motar da ba ta turuwa da direban da ba shi da ƙafa, gobe kar ya zo, ya riga ya yi magana da wani mai a-kori-kura. Waɗanda ke wurin sun ce abin da Baba Tanko ya amsa kawai shi ne, shi ne direba, a hannunsa ta tsaya.

Aka jawo motar garejinmu kafin azahar. Baffa ya zagaya ta sau ɗaya, ko bonet bai buɗe ba, ya ce bwat ta mutu, dama haka suke. Maganinta ɗaya ne, a cire wannan a sa mata bwat ta hannu, kamar yadda ya yi wa wasu biyu a baya suka zama motocin kirki.

"In taka kuloci da wace ƙafar, Sale?"

Baffa ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, masu benci suka bi shi. Ni zan bi su, Baba Tanko ya ce in tsaya, yana da wata buƙata, ko don in faranta wa tsoho. Ya sa na tura motar kan simintin tsakar gareji inda ƙasa take a miƙe, don ya ce in ta karkace joj ƙarya zai yi. Ya shiga ya tayar da ita, muka jira har allurar zafi ta kai tsakiya. Ya danne birki, ya bi da sandar giya kan haruffan da ke rubuce a gefenta, harafi bayan harafi, kowane ya ɗan tsaya kamar mai jan carbi, sannan ya mayar da ita inda ake ajiye ta in an tsaya. Bai kashe inji ba. Ya ce in zaro. Na kai hannu ga tsummana, ya ce a'a, ya miƙo mini farin hankicinsa. Na goge, na mayar, na zaro. Ƙarfen a bushe yake, sai ɗan ja a can bakinsa. Ya karɓa ya shinshina, ya ce alhamdu lillahi bai ƙone ba. Sannan ya kashe inji, muka zauna tsawon shan shayi ɗaya, ya ce in sake dubawa. Man ya hau daidai alama, inda na bar shi jiya.

Ya ce mini abin kamar randar masallaci ne. Kafin sallah a cike take, wanda ya leƙa zai ce ruwa ya yi yawa. Sai an cika butoci za ka san abin da ya rage a ƙasa. Ita ma motar nan in inji yana aiki man yana hawa ya cika wuraren aikinsa, abin da ya saura a ƙasa shi ake aunawa. Ni na leƙa randa kafin sallah. Bai ce haka ba, ni nake faɗa. Abin da ya ce shi ne:

"Ba ta tsiyaya, Haruna. Na duba inda ta kwana, na duba inda ta tsaya. Ƙasa a bushe take."

Ya mayar da idonsa kan hankicinsa. Na sha duka a hannun Baffa ina yaro, babu wanda ya yi mini zafi kamar maganar nan. Na durƙusa na jawo kwalbar daga ƙarƙashin bencin da yake zaune a kai, na ajiye a gabansa. Na jira zagi. Ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya tambaye ni ko kwalbar da tsabta na zuba. Na ce da tsabta. Ya ce duk da haka in tace da farin ƙyalle, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɓata ta. Na tace, na mayar ta bakin joj kaɗan-kaɗan, inji na aiki, yana sa ni ina dubawa har ya kai alamar zafi. Ya sa giya, motar ta zabura kamar ba abin da ya taɓa samunta. Kafin ya fita ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu. Ni yaro ne mai iyali, in sunana ya ɓaci a gari babu mai gyara mini shi. Shi kuwa ya ci zamaninsa, wata ukun nan ma ƙari ne Allah ya yi masa, kuma tarun masunta yana nan yana jiransa.

Da Baffa ya dawo na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce tunda ta tashi shi ke nan, in wani ya tambaya a ce mun gyara bwat. Na ce in aka ce haka an tabbatar wa Alhaji Abakar da maganarsa ke nan, cewa motar ce ba ta da tabbas, kuma tsohon ba zai koma aikinsa ba. Baffa ya ce in buɗe idona in dubi garejin. Rabin motocin da ke ciki na mutanen Farsha ne, mahauta da dillalan shanu. In suka ji ustan garejin Sale yana zuƙe mai daga mota mai ita yana alwala, wa zai ƙara barin motarsa a nan? Ba zan ɓoye muku ba, yana da gaskiya. Baki ya fi ashirin a gidan nan, duk garejin ke ciyar da su, har da mu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗar haka ba, nauyi ne.

"In ka je Farsha ka faɗi wannan magana, ka wuce da akwatin sifanarka. Na gama."

Bayan magariba mahaifiyarku ta kawo tuwo, na kasa ci. A gidan Baffa muke, ɗaki ɗaya da rumfa, bango ɗaya tsakaninmu da matarsa. Labari ya riga ni shiga gida. Matar Baffa ta leƙo ta ce in yi wa girman Allah in bar maganar, tsohon da kansa ya yafe, ni wane ne da zan fi mai abu zafi. Ta tafi. Na tambayi Asabe, mahaifiyarku, me take gani. Tana zaune ta miƙe ƙafa, ciki wata bakwai, tana tsince shinkafar gobe. Ba ta ɗago ba.

"Ka kifar wa tsoho da kwanon abincinsa, kana tambayata me nake gani?"

Na ce mata ba gareji kawai ba ne. In na bar garejin ba za mu iya zama gidan ba, kuma ga halin da take ciki. Ta ce kayan ɗakinta amalanke ɗaya zai kwashe, kuma yayanta yana da ɗaki a filinsa na Gassi babu kowa ciki sai buhunan siminti. Ta ce amma in na zauna ma ba za ta ce komai ba, sai dai in sani duk ranar da Baba Tanko ya zo barka ita ba za ta iya fitowa ta gaishe shi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Abin da ya biyo baya ku kuka rayu a cikinsa, don haka ba zan ja shi ba. Gassi a lokacin gidaje tsilli-tsilli ne da awaki. Na yi shekaru ina gyara a gindin bishiya, wata rana mota ɗaya, wata rana babu. Ku kuka sha doguwar tafiyar motar haya zuwa makaranta. Baffa bai zo sunan Maryama ba. Shekara uku in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa ya wuce. Kuma wasu mutanen Farsha sun janye motocinsu daga garejinsa kamar yadda ya faɗa, wannan har yau yana ci mini rai, don shi bai zuƙi man kowa ba. Mun shirya kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma ban koma ba, bai kuma ce in koma ba. Kada wani cikinku ya ce ai daga baya atomatik ta cika gari na samu aiki. Wannan ya zo bayan an sha wuya, kuma a safiyar da nake ba ku labari ban san zai zo ba.

Washegarin daren nan, ina idar da asuba na ɗaure akwatina a bayan keke na haye gada zuwa Waliya. Na same shi a gindin darbejiya, taru a cinya, motar a gefe an lulluɓe ta da tabarmi. Na ce ya tashi mu je Farsha. Ya tambaye ni ko Sale ya sani, na ce ya sani. Ya tambaya me ya ce. Sai ya ga akwatin a bayan keke. Ya ce ni wawa ne, shekaranjiya ya hana ni taɓa mai na taɓa, jiya ya hana ni magana yau zan yi, yaushe zan fara jin maganar manya. Sannan ya ce in miƙo masa sandarsa. Na bar keken a gidan, na sa akwatin a mota.

Da muka isa mayanka mai a-kori-kura ya riga ya tafi da kayan farko. Saura na biyu, kawuna da ƙafafu da kayan ciki da wani bijimi da aka yanka a makare. Alhaji Abakar yana zaune kan kujera, mahauta kewaye da shi da wuƙaƙe a ɗamara. Ya ga motar ya juya kai. Na tsaya a gabansa na faɗi abin da na yi, da Larabci don kowa ya ji, ban rage komai ba, har da alwalar. Ya ce ya san wannan, Hausawa ne kuna rufa wa junanku asiri, tsoho ya sa yaro ya ɗauki laifi. Na san mahauci bai yarda da abin da bai gani a sikeli ba. Na ce to ya ba ni mutum shida masu nauyi su shiga bayan motar.

Baba Tanko bai so ba, ya ce wannan wahalar da mota ce. Daga baya ya yarda a yi sau ɗaya, kuma daga gurnani na farko zai kashe. Ƙarti shida suka shiga suna dariya. Ya ja su ya zagaya filin ya dawo, lafiya lau. Na buɗe bonet, na zura tiyo, na durƙusa na zuƙa a gaban mutum ya fi arba'in, har kwalbar ta cika. Man da zafi, ya ƙona mini leɓe. Ya sa giya. Inji ya yi gurnani, motar ta ɗan motsa ta tsaya cak. Ya kashe. Na tace man na mayar, ya bi da sandar giya harafi bayan harafi, na zaro joj inji na aiki na kai wa Alhaji har kujerarsa ya gani da idonsa. Baba Tanko ya sake jan ƙartin nan ya zagaya filin sau biyu. Wani mahauci mai ido ɗaya ya ce a gaida Usta Tiyo, wurin ya ɗauki dariya, wani ya ce a ɓoye man gyaɗa kar in gani. Sunan nan da kuke jin tsofaffi suna kirana da shi kuna tsammanin na sana'a ne, a wurin na samo shi.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya tashi ya je har tagar motar.

"Malam Tanko, jiya ka san aikin yaron nan ne?"

"Na yi zato, Alhaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ka tambaye ni wa ya taɓa ta ba. Ka ce ƙafata ce."

Alhaji ya tsaya yana murza carbinsa. Babban mutum ne, ba zai ba da haƙuri a gaban yaransa ba, shi ma Baba Tanko bai jira ba. Alhaji ya juya ya daka wa ƙartin tsawa su fito daga motar mutane, ko su ne naman? Ya ce a loda. Ya ce gobe da asuba kayan farko, kar a makara. Baba Tanko ya ce ya ji.

Suka loda bijimin, suka loda kayan ciki da ƙafafu, baya ya cika har rufi. Kai ɗaya ya rage babu wurinsa, suka fitar da akwatina suka ɗora kan a kujerar gaba, ƙaho ɗaya ya leƙo ta taga. Baba Tanko ya dubi kujerar, ya dube ni. Na ga yana so ya ce a sauke. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Kasuwa ta fara cika."

Ya ja ta a hankali ya fita ƙofar mayanka, ya hau titi, na ji tana sauya giya da kanta babu gargada har ta sha kwana. Na tofar da sauran jan man da ke bakina. Keke yana Waliya, gareji ba nawa ba ne kuma. Na ɗora akwatin a ka na kama hanyar gari da ƙafa, don in gaya wa mahaifiyarku ta nemo amalanke.